Kama da wane ba ta wane: digestion da kalmomin da ake jera ta da su

Zainab: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina shirin jarrabawar WAEC, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. A darasin Turanci ana ce mana kada mu riƙa maimaita kalma ɗaya a cikin insha'i, mu nemo wata mai irin ma'anarta. Na duba digestion a ƙamus ɗin waya, sai ya jero mini absorption, assimilation, ingestion, metabolism da breakdown. To in ina rubutu a kan abinci da lafiya, zan iya sa kowacce a gurbin digestion? Kuma wacce ce masu harshen suka fi amfani da ita a hirarsu ta yau da kullum? Don Allah a taimaka.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam Zainab. Gara da kika tambaya kafin ki shiga ɗakin jarrabawa. A takardar Bayoloji, in kika sa ɗaya a gurbin ɗaya, makin ya tafi, domin kowace kalma sunan zango ne daban a tafiyar da abinci ke yi cikin jiki.

Ingestion shi ne shigar da abinci ta baki, shi ke nan. Kin kai loma, kin haɗiye, kin gama shi. Digestion kuwa farfasa abincin ne zuwa ƙananan sinadarai da jiki zai iya ɗauka. Tun a baki yake farawa: haƙora suna niƙawa, sinadarin da ke cikin yawu yana fara mayar da sitaci sukari. Shi ya sa in kika daɗe kina tauna burodi ba ki haɗiye ba za ki ji ya soma zaƙi. A tumbi kuma akwai ruwa mai tsananin tsami da wani sinadari mai suna pepsin, su ke fara aiki a kan furotin irin na nama, ƙwai da wake. Mafi yawan aikin a ƙaramin hanji ake ƙarasa shi, inda ruwan matsarmama da hanta ke yi yake tarwatsa maiƙo, ruwan fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, kuma ya gama da sauran.

Sai absorption, wato lokacin da abin da aka farfasa ya ratsa bangon hanji ya shiga jini. Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai kusan mita 6, cikinsa cike da 'yan ƙananan tsirarrun abubuwa kamar gashi da ke ƙara masa faɗin wurin tsotsa. Assimilation yana zuwa ne bayan nan, sa'ad da ƙwayoyin jiki suka karɓi abin daga jini suka gina tsoka da shi ko suka yi wani amfani. Abin da bai narke ba ya fita ta bayan gida, wannan egestion ne, kuma ki kiyaye kada ki rubuta excretion, don shi na dattin da jiki da kansa ya samar ne, kamar fitsari da gumi.

Mutum zai iya narkar da abinci sarai amma hanjinsa ya kasa tsotsa, ya yi ta ramewa alhali yana ci. Da ma'anarsu ɗaya ce, da wannan ciwon ba shi da suna.

Zainab: Na gode Malama. Metabolism fa? Ba ki ambace shi ba.

Malama Rabi: Shi ya fi su duka faɗi. Dukkan sauye-sauyen sinadarai da ke gudana a cikin ƙwayoyin jiki ne, na ginawa da na rushewa, dare da rana, ko kin ci ko kina azumi. Ba a hanji yake ba, a ko'ina yake cikin jiki. Breakdown ce kaɗai a jerin naki za ta iya tsayawa kusa da digestion, ita ma sai kin ce breakdown of food. In kika bar ta ita kaɗai mai karatu zai iya zaton mota ce ta lalace a hanya.

Malam Habu: Malama Rabi ta gama magana a ɓangaren jiki, ba ni da ja. Amma Malama, ki bar ni in kare ƙamus ɗin kaɗan, don ba ƙarya ya yi wa yarinyar nan ba. Akwai wurin da kalmomin suke haɗuwa da gaske, sai dai ba a ciki ba ne, a ƙwaƙwalwa ne. Bature yana cewa "I need time to digest this" in an ba shi labari mai nauyi ko rahoto mai tsawo. A wannan jimlar zai iya sa absorb, zai iya sa assimilate, kuma ba wanda zai ce ya yi kuskure. Daga nan ƙamus ya kwaso su ya zuba a kwando ɗaya.

Ko a nan ɗin ma akwai ɗan bambanci ga mai kunne. Digest yana ɗauke da jinkiri da juya abu a rai, shi ya sa ya fi dacewa da labari marar daɗi ko mai rikitarwa. Absorb ya fi nuna yawan abin da aka ɗauka, kamar yaro ƙarami da ke kwashe harshe ba tare da wahala ba. Assimilate kalmar boko ce, ta rubutu, tana nufin abin ya zauna ya zama naka.

Game da tambayarki ta biyu, Zainab, amsar za ta ba ki mamaki: a hira ba su cika faɗar ko ɗaya ba. In maganar fahimta ce sai su ce take in, ko su ce "let it sink in". In maganar ciki ce, wanda wake ya dama ba zai ce digestion ɗinsa ya sami matsala ba. Cewa zai yi "beans don't agree with me", ko "I've got an upset stomach". Ita digestion ta fi fitowa a bakin likita, a tallan shayi da yogot, da kuma nasihar iyaye irin su "it's good for your digestion". Ingestion kusan ba za ki ji ta a hira ba, sai a jikin kwalbar maganin ƙwari ko takardar asibiti, inda ake gargaɗin abin da za a yi in yaro ya sha. Metabolism kuwa a bakin talakan Ingila ko Amurka maganar ƙiba ce kawai. In ya ce yana da fast metabolism, nufinsa yana ci ba ya ƙiba.

Alhaji Garba: Malam Habu, sannu da ƙoƙari. Amma ni ban yarda a sa yara su riƙa rubuta take in da sink in ba. Mu a zamaninmu an hore mu da manyan kalmomi, kuma da su aka san wanda ya yi karatu. Yaro ya maimaita digestion sau biyar a shafi ɗaya, ai mai duba takarda zai ce kalmominsa sun ƙare. Me zai hana ya sauya, ya nuna yana da ajiya?

Malam Habu: Ranka ya daɗe Alhaji, ajiya abu ne mai kyau, kuma ni ma ina so ɗalibaina su tara ta. Inda muka rabu shi ne wurin kashe ta. In yaro yana ba da labari ko yana siffanta kasuwa, ya sauya kalmomi yadda ya ga dama. Amma in yana bayanin abu mai suna tsayayye, sauya sunan ruɗa mai karatu ne. In sakin layi na farko ya ce digestion, na biyu ya ce assimilation, mai karatun da ya san abin zai ɗauka an koma wani batu ne. Masana salon Turanci su da kansu sun daɗe suna kukan wannan ɗabi'a. Tun 1906 wasu 'yan'uwa biyu masu suna Fowler suka soki marubutan da ke gudun maimaita kalma har su ɓata ma'ana, suka raɗa wa abin suna elegant variation, kuma ba yabo suke nufi ba.

Wani abu kuma: mutumin da ya fara shahara da irin wannan ƙamus, Peter Mark Roget, wanda ya fitar da nasa a 1852, likita ne. Ya san bambancin digestion da absorption fiye da ni. Abin da ya yi shi ne tara kalmomi a ƙarƙashin tunani ɗaya don marubuci ya tuna da su ya zaɓi wadda ta dace. Bai ce a rufe ido a ɗauki kowacce ba. Kama da wane ba ta wane.

Alhaji Garba: Na ji wannan. Amma har yanzu ina nan a kan cewa yaran yanzu ba sa karatu, shi ya sa ba su da zaɓin ma. Mu mun tashi muna sayen tsofaffin mujallun Reader's Digest a bakin gidan waya, a can muka kwashi kalmomi. Wanda ma ya tuna mini: me ya haɗa mujalla da narkar da abinci? Na daɗe ina son in ji wannan daga bakin masani.

Nura: Baba Alhaji, bari in ɗan sa baki, don mun taɓo wannan a ajin tarihin shari'a. Asalin kalmar daga Latin ne, digerere, wato a rarraba abu a kai kowane kashi wurinsa, a tsara shi. Saboda haka ma'anar tsarawa da taƙaitawa ba aro ba ce daga ciki, tare suka taso. A shekarar 533 sarkin Rumawa Justinian ya fitar da wani gagarumin kundi da ya sa masana suka haɗa: sun bi rubuce-rubucen manyan malaman shari'ar Rum na ƙarnoni, suka tsamo abin da ake buƙata, suka jera shi cikin littattafai 50. Sunan kundin Digesta. Har gobe lauyoyi suna kiran littafin da ya tattaro hukunce-hukuncen kotu a taƙaice da digest. Mujallar da ka ambata, wadda DeWitt Wallace da matarsa Lila suka fara a Amurka a 1922, aikinta ke nan tun farko: ɗauko maƙaloli daga wasu mujallu a taƙaita su. A wannan ma'anar 'yan'uwan kalmar su ne summary, abstract da compendium, babu ruwansu da absorption.

Kuma lafazin ma ya bambanta. In suna ce, irin ta mujallar, ana danna gaɓar farko: DAI-jest. In aikatau ce ana danna ta biyu: dai-JEST.

Malam Habu: Madalla Nura. Tunda ka taɓo lafazi, in ƙara ɗaya da nake fama da ita a aji kullum. Ƙarshen digestion ba "shan" ba ne kamar na nation. "Can" ne, da c irin tamu ta Hausa, kamar a question da suggestion, saboda s ɗin da ke gaban t. Zainab, ki riƙe wannan don takardar lafazi, suna son irin wannan tarkon.

Alhaji Garba: Allah ya yi maka albarka Nura. Yau na sami amsa.

Issoufou: Salam 'yan'uwa, daga Maraɗi nake bin ku. Mu nan da Faransanci muka yi karatu, kuma rubutun kalmar iri ɗaya ne sak, lafazi ne ya bambanta. Ina so in ce wani abu game da assimilation, domin a wurinmu ba kalmar hanji ba ce da farko, kalmar tarihi ce mai nauyi. Sunan manufar da Faransa ta yi iƙirari ke nan a mulkin mallakarta: a mayar da ɗan Afirka Bafaranshe a harshe da ɗabi'a da doka. A aikace ba ta kai ga mutane da yawa ba. Inda ta fi tabbata shi ne garuruwa huɗu na Senegal, wato Saint-Louis, Gorée, Rufisque da Dakar, waɗanda suka zaɓi Blaise Diagne ya tafi majalisar Faransa a 1914. Ku a wajenku Ingilishi ya bi ta hannun sarakuna, shi ya sa kalmar ba ta yi muku irin wannan tabon ba.

Ko a Turancin yau, in ka buɗe jaridar Ingila ko Amurka ka ga assimilation, galibi maganar baƙin haure ake, ko sun saje da mutanen ƙasa ko ba su saje ba. Saboda haka ƙanwata, in kika rubuta ta a gurbin digestion, wani mai karatun tunaninsa zai tafi wani wuri daban ƙwarai.

Abu na biyu: a Faransanci in mutum ya ce bai narkar da wata magana ba, nufinsa ta tsaya masa a rai, bai yafe ba. Turanci yana da irin wannan?

Malam Habu: Yana da shi, Malam Issoufou, amma da wata kalmar. Sai su mayar da stomach aikatau: "I can't stomach it", wato ba zan iya jure shi ba, kuma kusan kullum da korewa ake faɗarsa. Akwai "hard to swallow" ga maganar da ke da wuyar yarda ko wuyar karɓa. In aka ce wani ya yi swallow ɗin labari gaba ɗaya, an ruɗe shi ke nan ya yarda. Sai chew over, a tattauna ko a yi ta nazarin abu, da ruminate, wadda asalinta tuƙar shanu da awaki ce, amma yanzu ta fi nufin saƙe-saƙe, har likitocin ƙwaƙwalwa suna amfani da ita ga mai juya damuwa ɗaya a ransa ba iyaka. Ka ga kowane zango na cin abinci sun ba shi aikinsa a maganar zuci, kuma ba a musanya su. Mu ma ai muna cewa "tauna magana kafin ka faɗa", muna cewa "ya haɗiye fushinsa", kuma ba wanda zai ce "ya narkar da fushinsa" ya ce abu ɗaya ya faɗa.

Sista Hauwa: Ina ta karantawa tun ɗazu, sai yanzu na sami sarari daga aiki. Ku malamai kuna maganar maki ne, ni kuwa a wajena wannan batu yana iya zama maganar rai, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Kalmar da ta fi ba mu wahala ba digestion ba ce, indigestion ce. Mai ɗan Turanci yana ganinta sai ya fassara ta kai tsaye: abinci bai narke ba. Sai ya tafi kemis neman maganin narkar da abinci. Alhali a bakin likita indigestion sunan abin da mutum ke ji ne: zafi ko nauyi a saman ciki, saurin ƙoshi, kumburi, yawan gyatsa, wani lokaci tashin zuciya. A yawancin masu wannan kukan abincin yana narkewa lafiya lau. Sunanta na asibiti dyspepsia, kuma ita ce za ka gani a kati, amma ba mai faɗarta a gida.

Ta biyu heartburn. Na sha ganin takardar wayar da kai da aka fassara ta da "ƙunar zuciya". Ku duba fa. Bahaushe in ya ji ƙunar zuciya, baƙin ciki da fushi ya sani. Heartburn kuwa ƙwarnafi ne, ruwan tsamin tumbi ne ke tasowa maƙogwaro yana ƙona ƙirji, babu abin da ya haɗa shi da zuciya sai kusancin wuri. Muna da kalmarmu tsaf, kowace tsohuwa ta san ta, amma mai fassara ya bi Turanci gaɓa-gaɓa ya bar ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne juyin wannan. Ciwon bugun zuciya na gaske, wato heart attack, yana iya zuwa da kamar ƙwarnafi, musamman ga mata, tsofaffi da masu ciwon sukari. Mutum ya ce ai indigestion ce, ya sha maganin ƙwarnafi ya kwanta. Don Allah, in nauyin ƙirji ya zo da gumi, ko numfashi sama-sama, ko ciwon ya miƙa zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi, a tafi asibiti nan take, kada a tsaya neman sunansa.

Maman Khalifa: Sista Allah ya saka da alheri. To olsa fa? Mu a gida duk wanda cikinsa ya yi zafi sai a ce olsa ce ta tashi.

Sista Hauwa: Wannan ma wata ce, Maman Khalifa. Olsa gyambo ne na gaske a bangon tumbi ko farkon ƙaramin hanji, ba a tabbatar da shi da ji kawai, sai an yi gwaji. Da yawan masu cewa suna da olsa ƙwarnafi ne ke damunsu ko dyspepsia. Kuma ba yunwa ce babban dalilinta ba kamar yadda ake faɗa. Manyan dalilai biyu ne: wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, da yawan shan magungunan kashe raɗaɗi irin su ibuprofen, diclofenac da asfirin. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano alaƙar ƙwayar da gyambon a farkon shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Amfanin sanin haka shi ne ana kashe ƙwayar da magani a warke, maimakon a shekara ana shan farin ruwan nan na kwantar da ƙwarnafi.

Ga masu fita waje kuma, ku kula da Turancinmu na gida. Mu nan in mutum yana gudawa sai ya ce "I am purging" ko yana da "running stomach". Likitan Najeriya zai gane nan da nan. Likitan Ingila kuwa in ya ji purging, abin da zai fara zuwa masa shi ne mai sa kansa amai da gangan bayan cin abinci don gudun ƙiba, wanda ciwo ne daban. Ka ce diarrhoea kawai, ka huta.

Nura: Anti Hauwa, wannan na purging ban taɓa sani ba. Amma ina da ja kaɗan. Turancin Najeriya ai shi ma Turanci ne, ba sai mun bi na Landan a komai ba. Mun mayar da swallow sunan tuwo da sakwara da teba, kuma ba wanda ya isa ya ce kuskure ne.

Sista Hauwa: Ban ce kuskure ba ne, Nura. A gidan abinci a Kano ko Abuja ka ce swallow, za a kawo maka abin da kake so. Ni magana nake a kan wanda ke zaune gaban likitan da bai san Turancinmu ba, kuma minti goma aka ba shi. A nan ba kare martabar harshe ya kai shi ba, so yake a gane ciwonsa.

Maman Khalifa: Tunda ana wannan, ni ma ga tawa. Biskit ɗin nan da aka rubuta Digestive a jikinsa, da gaske yana taimaka wa ciki? Surukata ba ta shan shayi sai da shi, ta ce magani ne.

Malama Rabi: Biskit ne kawai, Maman Khalifa, a gaya wa Hajiya a hankali. Sunan tsohon abu ne daga Sikotland. Kamfanin McVitie's ya fara yin nasa a 1892, kuma a wancan zamani ana ganin bakin soda da ake sawa a ciki yana kwantar da tsamin ciki. Abin da ke ciki ɗan kaɗan ne, kuma zafin gashi yana canja shi. Yana da ɗan dusar alkama, amma yana da sukari da mai, don haka mai ciwon sukari kada sunan ya ruɗe shi.

Haka labarin Pepsi yake. Wani mai haɗa magunguna a jihar North Carolina ta Amurka, Caleb Bradham, shi ya ƙirƙiro lemon a 1893, ya sauya masa suna zuwa Pepsi-Cola a 1898, ya kuma tallata shi a matsayin abin da ke taimaka wa narkewar abinci. Tushen sunan ɗaya ne da na dyspepsia da pepsin, daga kalmar Girkanci pepsis.

Issoufou: A Faransa ma suna da digestif, barasa ce mai ƙarfi da suke sha bayan cin abinci da sunan taimakon ciki. Na faɗa ne don wanda ya je can ya gan ta a takardar abinci kada ya zaci shayi ne ya ce a kawo.

Alhaji Garba: Wannan gargaɗi ne mai amfani, Malam Issoufou. To ni yanzu tambayata ta koma gida. Mu muna cewa narkewar abinci. Amma narkewa ai ta man shanu ce a rana, ko gishiri a ruwa. Nama yana narkewa ne a ciki, ko niƙe shi ake yi? Na ji wasu malamai suna cewa niƙa abinci. Wanne ne daidai, Malama?

Malama Rabi: Alhaji, tambayar da ka yi ita ce masanan Turai suka yi ƙarnoni suna gardama a kanta. Girkawa sun ɗauka dafuwa ce, ma'anar pepsis ke nan: zafin jiki yana dafa abinci a tumbi. Wannan fahimtar ce ta sa a tsohon Turanci concoction take nufin digestion, don asalinta daga kalmar Latin ta dafawa ne. Yau ba wanda ke amfani da ita haka, ta koma sunan haɗe-haɗe, kamar jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Daga baya wasu suka ce a'a, tumbi niƙa yake yi kamar ƙundun kaza. Wasu suka ce ruɓewa ce.

Abin da ya taimaka wajen raba gardamar wani hatsari ne. A 1822, a tsibirin Mackinac na Amurka, bindiga ta tashi ta sami wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin a gefen ciki. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa ya rayu, amma raunin ya warke ya bar ƙofa har cikin tumbi. Beaumont ya riƙa ɗaura 'yan yankan abinci a zare yana zurawa ta ƙofar, yana fitarwa bayan awa ɗaya ko biyu ya ga yadda suka koma. Ya kuma ɗebo ruwan tumbin ya zuba a kwalba da nama, ya ga naman yana narkewa a waje ba tare da wani niƙa ba. Ya buga sakamakonsa a 1833. Bayan shekara uku Bajamushe Theodor Schwann ya gano pepsin.

Saboda haka duka biyun suna faruwa, kuma littafin Bayoloji ya raba su: akwai na niƙa, wanda haƙora da murɗawar tumbi ke yi, akwai na sinadarai, wanda shi ne narkarwar. Ni a aji in ina bayani da Hausa nakan ce narkarwa ga digestion gaba ɗaya, don ita mutane suka sani kuma ita ta fi kusa da babban aikin. Niƙa nakan bar ta ga haƙora da tumbi. Absorption nakan ce tsotsewa zuwa cikin jini.

Sista Hauwa: Tsotsewa tana yi a aji, Malama, amma a ɗakin awo in na ce wa mai ciki jikinta ba ya tsotse maganin ƙarin jini, sai ta yi ta kallona. Nakan ce maganin ba ya shiga jini sosai in an sha shi da shayi, ta bari sai bayan awa ɗaya ko biyu, ko ta haɗa shi da lemon zaƙi. Wannan suna ganewa nan take.

Malama Rabi: "Shiga jini" ta fi sauƙi, zan gwada ta da 'yan aji ɗaya. Sai dai maiƙo zai ba ni aiki, don mafi yawansa ba jini yake fara shiga ba, ta wasu jijiyoyi daban masu ɗauke da farin ruwa yake bi kafin ya isa jinin, kuma ana tambayar wannan a jarrabawa. Ga manyan aji dole in riƙe tsotsewa.